Waƙa za ta iya ƙwato wa nakasassu haƙƙinsu a Zangon Kumasi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni matashi ne a unguwar Aboabo, nan Kumasi. Shan inna ta taɓa mini ƙafafu tun ina yaro, da sanduna nake tafiya, kuma ina rubuta waƙa. Muna da ɗan rukuni: abokina makaho mai murya, da wata ƙanwarmu kurma da ta iya rawa, da makaɗa biyu. Muna so mu shirya wasa ranar 3 ga Disamba, ranar nakasassu ta duniya. Kawuna ya ce wannan bara ce da lasifika. Wani mai hali kuma ya ce zai ɗauki nauyin komai, amma yana son waƙoƙin da za su sa mutane kuka. Shin waƙa tana canza wani abu da gaske? In tana yi, ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi muku albarka, kai da abokan tafiyarka.

Tana canzawa, in an ɗaura ta a kan wata buƙata takamaimiya, aka kuma nufi wanda ke da ikon biyan wannan buƙatar. Na daɗe ina aiki da ƙungiyoyin nakasassu a nan Kumasi, ina kuma cikin harkar shirya wasanni da ɗaukar sauti, kuma abu uku nake dubawa a duk taron da aka kira ni: wa ke riƙe da makirufo, wa ke riƙe da kuɗi, me aka nema a wurin wa. In amsar ukun duka ta faɗa hannun masu lafiya, su ke magana, su ke ƙirga kuɗi, ba a kuma nemi komai ba sai tausayi, to kawunka ya yi gaskiya.

Kada ka yi fushi da shi. Abin da ya taso ya tarar ya faɗa maka. A ƙasar Hausa, da duk Zangon da Bahaushe ya kafa daga Salaga har Kumasi da Nima, makaho da waƙa tsofaffin abokai ne. Makafi ne suka riƙe mana waƙoƙin wa'azi da na begen Annabi a ka, suna bi ƙofa ƙofa da ɗan jagora. Suna da tsari nasu, da Sarkin Makafi, kamar yadda ake da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare. Dubi Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990. Makaho ne, malami ne, shi ya tsara waƙar Imfiraji, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Amma yawancin mutane a bakin mabarata suka fara jin baitocinsa. An ji, an yi kuka, an miƙa sadaka, an koma cikin gida. Ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da ya sa mutumin da ya haddace ɗaruruwan baitoci ba shi da inda zai ci abinci da ilminsa sai ƙofar gidan wani. Shekaru aru-aru kunnen mutanenmu ya horu a kan haka: da an ji muryar makaho ta tashi, hannu ya nufi aljihu, hankali kuma ya tafi hutu. Wannan horon ne babban abin da za ku yi fama da shi, ya fi rashin kuɗi da rashin kayan kiɗa.

Shi ya sa tayin mai halin nan ya fi maganar kawunka damuna. Kuka ba laifi ba ne. Matsalarsa ita ce yana sauke wa mutum nauyi. Wanda ya zubar da hawaye ya jefa sidi goma a faranti ya gama da ku, ya tafi gida yana jin ya yi aikin lada, gobe kuma shi ne direban trotro, wato motar haya, da zai wuce ka a tasha don kada sandunanka su ɓata masa lokaci. Kai kana son ya fita daga wurin wasan da wani abu da ya tsaya masa a rai, wanda bai biya ba tukuna.

Bari in kawo maka waɗanda suka riga ku, don kowannensu da hanyar da ya bi.

Waɗanda suka fi kama da ku su ne Staff Benda Bilili na Kinshasa. Yawancinsu shan inna ce ta kama su kamar kai, a titi suke kwana, a kusa da gidan namun daji suke gwajin kiɗa, kan kekuna masu ƙafa uku da aka ƙera musu. Faifansu na farko ya fito a 2009, fim a kansu ya je bikin fina-finai na Kan a Faransa a 2010, suka zaga Turai. Suna da waƙa a kan shan inna, kuma abin lura shi ne inda suka nufa da ita. Ba su tsaya ba da labarin wahalarsu ba, iyaye suka fuskanta: ku kai 'ya'yanku rigakafi, wanda kuma cutar ta riga ta taɓa kada a yasar da shi. Umarni ne da uwa za ta iya aikatawa washegari da safe. Sauran kiɗansu kuwa rumba ce mai zafi wadda ba ta barin mutum zaune. Ka riƙe wani abu kuma game da su: zuwa 2013 rukunin ya dare, kan rigimar kuɗi da masu kula da harkarsu. Zan dawo kan wannan.

Amadou da Mariam na Mali wata hanya suka bi. A makarantar matasa makafi ta Bamako suka haɗu a shekarun 1970, suka yi aure, suka yi ta kiɗa tare har Allah ya ɗauki ran Amadou a watan Afrilun 2025. Mafi yawan waƙoƙinsu na soyayya ne da zaman duniya da bukukuwan Bamako, makanta ba ta cika fitowa a ciki ba. Gwagwarmayarsu ita ce ƙwarewa: wanda ya ji jitar Amadou ba ya samun sararin jin tausayinsa. Da suka ga dama su taɓo maganar, a 2011 a Mancesta ta Ingila, sai suka kashe fitilun zauren gaba ɗaya, 'yan kallo suka saurari wasan cikin duhu ƙirin. Ba wa'azi, ba roƙo. Ni dai wannan dabarar tana burge ni har yau, kuma ba ta cin ko kwabo, balle a garin da wuta ke ɗauke kanta ba tare da an roƙe ta ba.

Salif Keita, shi ma ɗan Mali, zabiya ne, daga gidan sarauta, ya sha ƙyama tun daga cikin danginsa. Sai da ya yi suna a duniya sannan ya kafa gidauniya a 2005 don zabiyoyi, kuma abin da take yi a bayyane yake: man kariya daga rana, kula da fata da ido, da tsayawa kan kisan da ake yi musu don tsafi a wasu ƙasashe.

Stevie Wonder kuwa yanzu ɗan ƙasarmu ne, tun da shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya ba shi takardar zama ɗan Ghana ranar 13 ga Mayun 2024. Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa shi manzon zaman lafiya a 2009 da kula da lamarin nakasassu. Abin da na fi so ka sani a kansa shi ne yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda ta halatta a juya littattafai zuwa rubutun makafi da sauti ba tare da an jira izinin mai haƙƙin mallaka ba. An yi shekaru ana jan ƙafa a kanta. Ya tsaya gaban wakilan ƙasashe ya matsa musu, ya yi alkawarin in sun gama zai zo ya yi musu wasa, suka gama, ya je. Ghana ta shiga yarjejeniyar a 2018. Lauyoyi da ƙungiyoyin makafi ne suka rubuta takardun suka yi ta zarya, shi kuma ya kawo musu idon duniya a lokacin da ake buƙatarsa. Rabon aikin ke nan a ko'ina.

A gida ma haka aka yi. Emmanuel Ofosu Yeboah ba mawaƙi ba ne, amma abin da ya yi wasa ne a idon jama'a: a 2001 ya hau keke da ƙafa ɗaya mai lafiya ya yi tafiyar kusan kilomita 600 a cikin Ghana. Fim ya fito a kansa a 2005, majalisa ta zartar da dokar nakasassu a 2006. Mutane kan ce shi ya kawo dokar. Ya taimaka ƙwarai, amma tarayyar ƙungiyoyin nakasassu ta Ghana, GFD, tana nan tun 1987 tana bin ma'aikatu da wannan magana. Ba don su ba, da hawan keken ya tsaya a labari mai daɗin ji.

To ku, me za ku nema?

Nan ne yawancin matasa ke rauni, domin ba su karanta dokar da suke waƙa a kanta ba. Ku nemi dokar, lamba 715 ta 2006, wani ya karanta muku ita a zaune, ba ta da tsawo. A ciki an wajabta wa masu gine-ginen da jama'a ke shiga su gyara su yadda nakasasshe zai iya shiga, aka ba su wa'adin shekara goma. Wa'adin ya cika tun 2016. Ka zaga Adum da Kejetia da cikin Zangonninmu ka ƙirga matakalar da har yau ba ta da gangare a gefenta. A ciki an wajabta wa iyaye su sa yaro mai nakasa a makaranta, an ce gwamnati ta ba shi ilmi kyauta. An ce masu sayar da tikitin motocin haya su keɓe kujeru biyu aƙalla. An yi wa wanda ya ɗauki nakasasshe aiki alkawarin rangwamen haraji. An ma hana kiran mutum da sunan wulaƙanci saboda nakasarsa. Bayan wannan, Ghana ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2012. Ƙidayar 2021 kuma ta nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na 'yan ƙasa masu shekara 5 zuwa sama suna da wata matsala ta gani ko ji ko tafiya ko makamancinsu, mutum sama da miliyan 2 ke nan. Ku ba 'yan tsiraru ba ne da za a yi wa alfarma.

Sai kuɗin Common Fund, wanda gwamnati ke raba wa gundumomi. An ware wa nakasassu kaso a ciki, aka fara da kashi 2 cikin ɗari, daga baya aka ɗaga shi. Ta ofishin Social Welfare na asambili, wato majalisar gunduma, ake nema, ku na Aboabo asambilinku Asokore Mampong ce. Ana ba da shi don jari, kuɗin makaranta, magani, da kayan taimako irin su keke da sanda. A gundumomi da dama a faɗin ƙasar nan ana kukan jinkiri da rashin sanin yadda ake zaɓen masu amfana. Amma a Zango matsalar ta fara tun kafin nan: da yawa daga cikin mutanenmu ba su yi rajista ba, wasu ba su taɓa jin labarin kuɗin ba, wasu iyaye sun ɓoye yaron a ƙuryar ɗaki don kunya. Ga aikin da waƙar Hausa za ta yi wanda takardar Turanci ba za ta taɓa yi ba. Amshi guda mai daɗi da ke gaya wa uwa ta fito da ɗanta, ta je ofishi kaza, ta riƙe katin Ghana nasa na shaidar ɗan ƙasa, ya fi taron bita a otal amfani.

Shawarata, ku ɗauki buƙata ɗaya a waje, ɗaya a gida. Ta waje ku kai wa asambili: misali a kafa teburin rajista a wurin wasanku a ranar, ko a rufe wata kwata guda da kuka ambata da sunan layinta, wadda makafi ke faɗawa. Ta gida kuwa tamu ce mu Musulmin Zango, kuma ita ce mai ɗaci. Masallatai nawa ne a Aboabo da Asawase da Sawaba mai keke zai shiga ba tare da an ɗauke shi cak ba? Wurin alwala fa? Kurma nawa ne ke zuwa Juma'a shekara da shekaru bai taɓa sanin abin da liman ya ce a huɗuba ba? Makarantun allo da na Islamiyya nawa ne za su karɓi yaron da ba ya ji? Gangare ɗaya a ƙofar masallaci buhunan siminti kaɗan ne da yinin magini. In wasanku ya haifar da wannan kaɗai, kun yi abin da za a taka a gani.

Wannan ya kawo mu ga malamai. Ka san akwai masu ganin kiɗa haramun ne, akwai masu sassauci, kuma ba ku za ku raba wannan gardama ba. Kada ku shige ta. Ku je gaisuwa wurin limamin unguwa da mai unguwa da fadar Sarkin Zango tun da sauran lokaci, ku faɗi abin da kuke nema kafin ku faɗi abin da za ku kaɗa. Ku shirya wasu waƙoƙin da murya zalla ko da mandiri, yadda za a iya rera su a wurin mauludi ko walimar sauka. Hujja kuwa tana hannunku. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, ladanin Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an sha bar masa riƙon Madina in an fita, kuma a kansa farkon Suratu Abasa ya sauka. Aɗa'u ɗan Abi Rabah, muftin Makka a zamanin tabi'ai, gurgu ne, daga baya ya makance, manyan mutane na zama gabansa suna ɗaukar karatu. Malaminku ya san duk wannan fiye da ni. Sau da yawa ba a taɓa roƙonsa ya yi huɗuba a kai ba ne kawai.

Al'ada ma tana motsawa in an tura ta. A 2013 da Shugaba Mahama ya zaɓi Dakta Henry Seidu Daannaa, lauya makaho, ya zama ministan harkokin sarautu, wasu sarakuna sun ce al'adarsu ba ta yarda su yi hulɗa da makaho ba. Majalisa ta tabbatar da shi, ya yi aikinsa. Labari ne da ya cancanci baiti.

Wani gargaɗi: kada ku zagi mabarata a waƙa. Na san abin da ke jan matashi irinka ya ce shi ba irinsu ba ne, kuma dokar ƙasa tun 1969 ta haramta bara. Amma tsohon da ke zaune bakin masallaci bai sami makarantar da ka samu ba. Makarantar makafi ta Akropong tana nan tun shekarun 1940, ta Wa tun 1958, sai dai iyayen Zango nawa ne a wancan zamani za su miƙa ɗansu makarantar kwana ta mishan? Ku je wurin shugabanninsu da girmamawa, ku gayyace su, ku ba su kujerar gaba. Sun san kowane makaho da gurgu a unguwa da gidan da yake kwana, abin da babu wani ofishi da ya sani. In kuna son teburin rajistarku ya cika, ta hannunsu zai cika.

Yanzu wurin wasan. Abin kunya ne da na sha gani: taron nakasassu a bene, ko dandamali mai matakala biyar, a ɗauko mawaƙi kamar buhun masara a ɗora shi gaban jama'a. Ka je da kanka ka gwada wurin, daga bakin titi inda pragya, babur ɗin haya mai ƙafa uku, za ta sauke mutum, zuwa ƙofa, zuwa dandamali, zuwa bayan gida. Bayan gidan ne ake mantawa, kuma shi ke sa mutane ƙin zuwa ko ƙin shan ruwa yini guda. Filin makaranta a cikin unguwa ya fi muku zauren alfarma a wannan karon, domin mutanen da kuke so su ji ba za su biya kuɗin mota zuwa Cultural Centre ba. A ɗaure wayoyin lantarki a gefe kada su kama sanda ko taya. A zaga da abokinka makaho dandamalin kafin a fara, ya san faɗinsa da bakinsa, a sa masa tabarma ko igiya a ƙasa da zai ji da ƙafa. Mai gabatarwa kuma a zauna da shi tun kafin ranar. In ba haka ba zai buɗe baki da "bayin Allah abin tausayi", ya rushe muku aikin wata uku a minti ɗaya. Mafi kyau ma ɗayanku ya riƙe gabatarwar.

Ƙanwarku kurma ita ce za a fi saurin zalunta ba da niyya ba, don haka zan ɗan tsaya a kanta. Kurma yana jin ganga a jikinsa, ta ƙasa da ƙirji. Evelyn Glennie ta Sikotland, wadda ta yi suna a duniya da kaɗe-kaɗe alhali ba ta ji, ba takalmi take hawa dandamali saboda haka. Ku sa mata dandamalin katako, babbar lasifika a kansa, makaɗi kuma ya tsaya inda za ta ga hannunsa. Amma rawa kaɗai ba ta isa ba. Shin ta san abin da waƙar ke cewa? An tambaye ta abin da ita take so a faɗa? In ba a yi ba, ado kuka yi da ita. Ku nemi tafinta ta hannun ƙungiyar kurame ta ƙasa, GNAD, ko makarantar kurame ta Jamasi, ku biya shi, ku tsayar da shi inda haske ke dukansa. Ga wata matsala da sai a Zango ake gamuwa da ita: maganar hannu ta Ghana ta samo tushe daga ta Amurka, ta hanyar Andrew Foster da ya buɗe makarantar kurame a Accra a 1957, kuma yawancin tafintoci daga Turanci ko Twi suke juyawa, ba sa jin Hausa. Dole ku fassara masa baitocin ku ba shi tun da mako biyu, ku yi gwaji tare. Kuma kuramen da ba su je makaranta ba alamun gida suke amfani da su, sai wani kurma ɗan'uwansu ya sake juya musu. Ita ƙanwar taku za ta gaya muku wanda ya iya.

Harshe: jikin waƙa da Hausa, amma ku sa amshi ko baiti guda da Twi. Jami'in da zai sa hannu a takardarku da direban da kuke kuka da shi, akasari da Twi za su ji ku.

Sai kuɗi, inda na ce zan dawo. Ku sayar da tikiti, ko na sidi biyar ne. Wanda ya biya ya shigo ɗan kallo ne, yana da haƙƙin a burge shi, ku kuma kuna da haƙƙin ya saurara. Liƙi ba matsala ba ne, ana yi wa kowane mawaƙi a gidan biki, muddin a tsakiyar kiɗa mai daɗi aka taso aka yi shi. Faranti mai zagayawa bayan an ba da labarin tausayi shi ne ban yarda da shi ba. Tun kafin kwabo ya shigo ku rubuta yadda za a raba, makaɗan nan biyu ma su san nasu. Lambar momo, wato asusun kuɗi na waya, ta rukuni kada ta zauna a wayar mutum ɗaya ba mai duba shi. Abokinka makaho kada ya dangwala hannu a kan takardar da wanda ya kawo ta ne ya karanta masa. Wani nasa ya karanta, a ɗauki karatun a waya. Tarihin mawaƙan titi a ƙasar nan, irin su marigayi Onipa Nua, makahon da Faisal Helwani ya kai situdiyo, ya nuna baiwa tana iya fitowa daga bakin kwata ta shiga faifai. Abin da ke biyo bayan faifan shi ne sai an yi tsaye. Dokar haƙƙin mallaka ta 2005, lamba 690, ta ba wanda ya tsara waƙa haƙƙinsa, GHAMRO ce ke karɓar kuɗin sa waƙa a rediyo da wuraren taro, MUSIGA kuma ƙungiyar mawaƙa ce. Ku yi rajista da sunayenku. In za ku shiga situdiyo, ku biya kuɗin aiki ku fito da kayanku a hannu, ya fi a yi muku kyauta a riƙe waƙar. Cobhams Asuquo na Legas, makaho ne, shi ya haɗa wa mawaƙiyar Nijeriya Asa faifanta na farko. Wato kujerar furodusa ma ba a rubuta ta da sunan masu ido ba, abokinka ya sa wannan a ransa.

Mai halin nan kada ku kore shi. Ku je ku same shi ku biyu ko uku, da takarda a hannu, ku ce kun gode, ga abin da kuɗinsa zai yi: kayan sauti, janareta, tafinta, gangaren katako, kujeru. A ambaci sunansa, a gode masa a bainar jama'a, wannan haƙƙinsa ne. Zaɓen waƙa naku ne. Hoton kowa ba zai hau Facebook ba sai da yardarsa, yara kuma sai da yardar iyaye. In ya amince, kun sami uba. In ya ce sai kuka, ku rage girman taron ku yi da abin da kuke da shi. Haka nan 'yan siyasa: a gayyaci kowane ɓangare, a ba su kujera, kada a rera wa kowa taken jam'iyya. Ranar da kuka zama mawaƙan wani, rabin Asawase ya daina jin ku.

Abu ɗaya da ba wanda zai gaya muku saboda kara: ku iya waƙar. Jama'a za su tafa muku ko kun yi kuskure, kuma wannan tafin guba ne. Ku nemi tsohon makaɗi mara kunya ya zauna a gwajinku, wanda in murya ta kauce zai ce ta kauce. Cikin waƙoƙi shida, biyu su isa na gwagwarmaya. Sauran ku yi na soyayya, na Zango, na raha, har da tsokanar kanku in kun iya, don mai sanda ma yana son yarinya yana kuma jin haushin ƙungiyar ƙwallon Kotoko in ta sha kashi. Wannan kansa saƙo ne, kuma shi zai sa a kira ku gidan biki a watan Maris, lokacin da kowa ya manta da ranar nakasassu.

Kafin ranar, ku kai wa gidajen rediyon da ke shirye-shiryen Hausa waƙa ɗaya da aka ɗauka da kyau, ku nemi a yi hira da ku, ku tura ta WhatsApp, bidiyon kuma a sa masa rubutu a ƙasa don kurame. Ku sanar da reshen GFD na yankin Ashanti da cibiyar nazarin nakasa ta jami'ar KNUST, suna da mutanen da suka san doka kuma suka san ƙofofin ofisoshi. A wurin taron, duk jami'i ko mai unguwa da ya yi alkawari a makirufo, a ɗauke shi a waya, a tambaye shi wata da rana. Bayan mako biyu ku rubuta masa wasiƙar godiya mai ɗauke da alkawarin nasa da kalmominsa, ku kai da hannu, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. In watan ya zo ba a yi ba, ku koma rediyo da faifan muryarsa da sabon baiti.